Ido a Hamada: Lacca a kan Zane da Ɗaukar Hoto a Ƙasar Abzin



 

An nemi in yi magana a kan yadda mai zane ko mai ɗaukar hoto zai samu ilhama idan ya tafi hutu a hamada. Sahara faɗi gare ta, tun daga Tekun Atlantika har Bahar Maliya, kimanin murabba'in kilomita miliyan 9, ba ta zagayuwa a zama ɗaya. Zan tsaya a ɓangaren da ya fi kusa da mu, wato ƙasar Abzin a arewacin Jamhuriyar Nijar: birnin Agadas, duwatsun da ke arewa da shi, da rairayin Tenere da ya shimfiɗu daga gindin duwatsun har Bilma.

Da zan raba takarda yanzu in ce kowa ya zana hamada, na san abin da yawancinmu za su zana. Tudun rairayi mai lanƙwasa, raƙuma uku ko huɗu a jere a samansa, mutum mai rawani yana jan akala, jar rana tana faɗuwa a bayansu. Hoton yana da kyau, ban musa ba. Amma daga ina muka samo shi? Daga kalanda, da allon kwamfuta, da tallan kamfanonin yawon buɗe ido na Turai. Baƙi ne suka zo, suka ga abin da babu a ƙasarsu, suka ɗauka, suka yi ta maimaitawa har ya zama shi ne hamada a idon duniya. Mai fasahar da ya kashe kuɗinsa, ya sha wuyar hanya, ya dawo da wannan hoton kaɗai, kwafi ya je ya yi. Maganata a yau ita ce ilhama a hamada tana zuwa ne gwargwadon sanin da ka yi wa abin da kake kallo. Mu kuwa Hausawa muna da wani sani game da wannan ƙasa wanda baƙon nesa ba shi da shi, sai dai har yanzu ba mu sa shi cikin aikinmu ba.

Mu fara da ƙasar kanta. Rairayin da ake ta nunawa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na Sahara ba. Sauran duwatsu ne da faƙo mai tsakuwa da busassun ƙoramu. Abzin ƙasar dutse ce, baƙaƙen duwatsu da manyan curi da iska ta goge. Dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, babu inda ya fi shi tsawo a duk Nijar. A cikin kwaruruwa akwai lambuna: a Timia ana noman lemo da rumman da dabino da alkama, a da da raƙumi ko takarkari ake jan ruwan rijiya, yanzu inji ya yawaita. Idan ka yi gabas, inda dutse ya ƙare, sai rairayi ya hau kansa. A Arakao duwatsu sun yi zobe, rairayin Tenere ya kwararo ciki ta ƙofa ɗaya. A Temet tuddan sun kai kusan mita 300. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki, mai hekta miliyan 7.7, cikin wuraren gadon duniya a 1991. Mai fenti da ya tafi da ruwan ƙasa da ja kawai zai rasa abin da zai yi da baƙin dutse, da koren lambun da ke manne a gindinsa, da shuɗin rawanin mutumin da ke ban ruwa.

Wannan shuɗin kuwa namu ne. Rawanin da Abzinawa suka fi ji da shi, mai baƙin shuɗi da walƙiya, wanda ke barin launi a fatar mai shi har Turawa suka riƙa kiran su shuɗɗan mutane, a garin Kura kusa da Kano ake yin sa. A can ake haɗa siraran sawayen saƙa, a rina su da baba, a kai wa mabuga su yi ta bugu har turkuɗi ya yi ƙyalli. Kantun gishirin da makiyayanmu ke saya wa shanu, daga Bilma da Fashi ayari ke ɗauko shi. Idan ayarin ya dawo Abzin ya huta, sai ya gangaro Damargu da ƙasar Hausa ya sayar, ya sayi gero. Shugaban ayarin, har a bakin Abzinawa, madugu ne. A kasuwar Agadas da Hausa ake ciniki. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Agadas a 1850, da Hausa ya yi hulɗa da mutane, kuma ayarin gishiri ya biyo ya gangaro kudu har ya iso Kano a 1851, yana tafe yana rubutu yana zana wuraren da ya bi. Saboda haka Bahaushen da ya sauka Agadas da kyamara zai iya zama da maƙeri ko mai raƙuma su yi hira ba tafinta. Mai ɗaukar hoton da ya zo daga Faris ko Landan yana biyan kuɗi mai yawa don ya samu rabin wannan damar.

Yanzu bari in kai ku wurin malamanmu na farko a wannan ƙasa, don kuwa an yi zane a hamada tun kafin a ƙera kyamara da dubban shekaru.

Idan ka bar Agadas ka kama hanyar Arlit, bayan ka wuce kilomita ɗari akwai wani wuri da ake kira Dabus. A kan wani falalen dutse mai gangara an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Babban ya kai mita 5.4 daga ƙaho zuwa kofato, wato daidai da girman dabbar a raye. Masana suna ƙiyasta shekarun aikin tsakanin 6,000 zuwa 8,000. Ba a san ƙarfe ba a lokacin, da dutse aka sassaƙa dutse. Wanda ya yi aikin, ko waɗanda suka yi shi, sun zurfafa layin gefen jiki, sun goge wasu wurare sun yi sumul, sannan suka bi zanen fatar dabbar ɗaya bayan ɗaya, kowane tabo da siffarsa, manya a jiki, ƙanana a ƙafa. Daga bakin kowane raƙumin dawa an ja wani layi ya gangaro zuwa ɗan ƙaramin mutum. Wani masani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ya rubuta labarin wurin a 1987. Bayan shekara goma mai ɗaukar hoto David Coulson ya ɗauke shi, hotunansa suka zagaya duniya. A 1999 aka ɗauki samfurinsa, aka zuba kwafi na alminiyam, aka kafa a filin jirgin saman Agadas.

Abu biyu nake so ku riƙe game da Dabus. Na farko, mutumin nan ya san raƙumin dawa. Ya san yadda wuya ke shiga kafaɗa, ya san inda gwiwa ke lanƙwasa, ya san yadda tabon fata ke ƙanƙancewa idan ya doshi ƙafa. Irin wannan sani ba ya samuwa a kallo ɗaya. Shekaru ya yi yana ganin dabbar tana kiwo, tana gudu, tana buɗe ƙafafu don shan ruwa. Na biyu, daga ƙasa ba a ganin zanen, sai an hau dutsen. Ko an hau, idan rana tana tsaka ramukan sassaƙar ba su da inuwa, sai ka ga abin ya dushe. Da hantsi ko da la'asar sakaliya, idan haske ya zo daga gefe, kowane layi ya cika da inuwa, sai dabbar ta tashi daga jikin dutsen. Mai ɗaukar hoton da ya iso da azahar, ya ɗauka, ya koma mota, ya je Dabus amma bai ga Dabus ba.

Za ku ce me ya kawo raƙumin dawa wurin da babu ko ciyawar kirki? Amsar ita ce a wancan zamani, daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara daji ce mai tafkuna da ƙoramu. Tafkin Cadi ya ninka na yanzu sau da yawa. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Jihar Yobe ta yau a 1987, mai kimanin shekara 8,000, ɗan wannan zamani ne. Yau mafi yawan ragowar raƙuman dawan yammacin Afirka suna can kudu, a yankin Kure kusa da Yamai.

Akwai wani labari da nake so masu kyamara su ji. A shekarar 2000 wani masanin ƙasusuwan dabbobin da, Paul Sereno na Jami'ar Chicago, ya shiga Tenere da tawagarsa suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe. Mai ɗaukar hoton tawagar, Mike Hettwer, shi ne ya ratse zuwa wasu ƙananan tuddai ya tarar da ƙasusuwan mutane a fili, iska ta yaye rairayin da ya rufe su. Wurin shi ne Gobero, tsohuwar maƙabarta a bakin tafkin da ya ƙafe, mai kaburbura kusan 200. An samu ƙugiya da mashin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada. A wani kabari mai shekara sama da 5,000 an samu mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe. Mutumin da ya gano wannan wuri ƙasa yake dubawa, lokacin da kowa ya saba ɗaga kyamara ya nufi sararin sama da ƙarshen gani. Ku riƙa duban gindin ƙafarku. Za ku ga sawun ƙwaro da na gafiya da na dila a kan rairayin safe, za ku ga tsingaro da dutsen niƙa da kan kibiya na dutse. Ku ɗauki hoto, ku zana, ku bar su inda suke. Abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin labarinsa, dokar ƙasa ma ta hana. Zanen dutse kuma kada a zuba masa ruwa ko a bi shi da alli don ya fito a hoto, wannan ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Mu zo kan haske, wanda shi ne jarin sana'armu.

A hamada lokutan salla su ne agogon mai hoto. Bayan asuba, kafin rana ta ɓullo, akwai wani ɗan lokaci da rairayi ke yin ruwan toka mai sirkin shuɗi, babu inuwa, komai ya yi laushi. Da rana ta leƙo, sai ƙananan igiyoyin da iska ta zana a kan rairayi su fito ɗaya ɗaya, kowace da inuwarta. Wannan ba ya daɗewa. Kafin hantsi ya ɗaga sosai sun fara ɓacewa, daga walaha zuwa bayan azahar kuwa ƙasa ta zama fara fat, ido ma da ƙyar yake buɗewa. Lokacin nan na shiga inuwa ne. A nan ake ɗaukar fuskar mutum a bakin tanti ko a zaure, inda hasken da rairayi ya maido ke shigowa daga ƙasa ya haska ƙarƙashin ido, inda rawani ya saba yin duhu. Bayan la'asar tuddai su dawo da siffarsu, gefe ɗaya ruwan zuma, ɗaya gefen baƙin inuwa, da layi mai kaifi a tsakani. Wannan layin iska ce ta ja shi. Iskar arewa maso gabas tana turo rairayi ya hau gefen da ba shi da tsauri, ya zubo ta ɗaya gefen mai gangara, wanda kusurwarsa ba ta wuce digiri 34 ba. Wanda ya gane haka zai san tun da rana inda zai tsaya da yamma, ya kuma zagaya ta baya don kada sawunsa ya ɓata wurin da zai ɗauka.

Akwai wata matsala ta na'ura da ya kamata ɗalibai su sani. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi a kan zaton cewa abin da ke gabansa ruwan toka ne matsakaici. Idan ya ga rairayi mai haske sai ya rage, hoton ya fito a dushe. Maganinsa a ƙara haske da mataki ɗaya ko kusa da haka, a duba, a gyara. Mai wayar hannu ma yana iya taɓa allon ya ja alamar rana sama. Kada a sauya gilashin kyamara a cikin iska, ƙura ɗaya ta shiga ciki za ta bi duk hotunan tafiyar. A riƙe ɗan burushi mai laushi da jakar leda. A watan Disamba da Janairu sanyin dare a duwatsu yana kaiwa kusa da daskarewar ruwa, batir yana mutuwa da wuri, saboda haka a kwana da shi cikin aljihu.

Sai hazo. Ƙurar hunturun da muke sha a Kano da Katsina da Maraɗi, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, wato busasshen gindin tsohon tafki. Idan ta sauka a Abzin, baƙi da yawa sukan mayar da kyamara jaka su ce rana ta ɓaci. Ni ban yarda ba. A ranar hazo duwatsu suna jeruwa hawa hawa, na gaba baƙi, na bayansa ruwan toka, na can baya kamar hayaƙi, rana kuma ta zama farin faifai da ake iya kallo. Mai zane da gawayi ko da fentin ruwa ba zai samu darasin nisa da kusa da ya fi wannan ba. Mu da muka tashi cikin hazo mun san launinsa, amma da wuya ka ga mai zanenmu ya sa shi a aiki.

Da dare kuma lissafin watan Musulunci zai yi muku amfani. Wanda ke son taurari ya shirya tafiyarsa a ƙarshen wata ko farkonsa. Ya kafa kyamara a mazauni mai ƙafa uku, ya buɗe ta na daƙiƙa 15 zuwa 20, idan ya wuce haka taurarin za su fara jan layi saboda juyawar duniya. A lokacin sanyi taurarin Kaza da 'Ya'yanta suna sama tun da farkon dare, kuma madugai da taurari suke kama hanya idan ayari ya yi tafiyar dare. Wanda ke son farin wata a kan rairayi ya nufi daren 13 zuwa 15.

Wahalar ɗaukar fili irin na Tenere ita ce babu abin da ido zai auna girma da shi. Tudu mai mita 200 da tulin yashin magina suna iya fitowa iri ɗaya a hoto. Dole a samu abu guda da zai riƙe idon mai kallo. Shi ya sa wata itaciyar ƙaya guda ɗaya ta yi suna a duniya. A da tana tsaye ita kaɗai a bakin rijiya a kan hanyar ayarin Bilma, har taswirori suka sa ta a matsayin alama. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Ayari bayan ayari sun wuce ta ba wanda ya sare reshenta ya dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a wurinta kuma an kafa itaciyar ƙarfe. Tsofaffin hotunanta su ne kaɗai shaidar yadda take a tsaye, kuma waɗanda suka ɗauke su ba su san suna adana tarihi ba.

Wannan ya kawo ni kan ayari. Manyan masu ɗaukar hoto sun yi aiki a kansa daga sama. Bafaranshe Yann Arthus-Bertrand ya ɗauki ayari a Tenere daga jirgi. Ba'amurke George Steinmetz ya koyi tashi da lema mai inji a ƙarshen shekarun 1990 domin ya ɗauki hamadar Nijar, daga baya ya fitar da littafin Desert Air a 2012. Daga can sama raƙumi ɗigo ne, inuwarsa ce ke nuna siffarsa, kududdufan gishirin Tegidda-n-Tesum kuma suna fitowa ɗaruruwa a jere, ja da rawaya da ruwan ƙasa, kamar rijiyoyin marinar Ƙofar Mata a Kano. Aiki ne na gwaninta, ku neme shi ku kalla. Sai dai daga sama ba a ganin hannu. Ba a ganin mutumin Bilma da ke tsaye cikin ruwan gishiri a Kalala, fatar ƙafarsa ta tsage, ko yadda ake cusa gishiri da laka a cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife, kantu ya fito. Ba a ganin yadda ake naɗe kantu da tabarma don kada ya karye, da yadda ake ɗora kaya tun da duhu, da dammunan ciyawar da raƙuma ke ɗauka saboda fiye da kilomita 500 na hanyar yawancinta babu abin kiwo. Idan ayari ya tashi ba ya tsayawa sai dare ya yi nisa. A tafe ake dama gero da cuku da dabino a sha, a tafe ake miƙa shayi. Yanzu manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na wannan fatauci, matasa da dama sun koma haƙar zinariya. Wanda zai zauna da tsohon madugu ya ɗauki hannunsa yana ƙulla igiya, ya rubuta sunan kowane ƙulli, ya hanzarta.

A cikin birnin Agadas kowa hasumiyar babban masallaci yake fara nufa, kuma ta cancanta. Tsawonta mita 27, ginin ƙasa zalla, an fara ta a wajen 1515, aka sake gina ta a 1844. UNESCO ta sa tsohon birnin cikin gadon duniya a 2013. Itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan da magina ke takawa idan za a yi mata yaɓe, kuma da la'asar kowannensu yana jefa inuwa a bango. Na san a cikinku akwai waɗanda saboda dalilin addini ba sa zana abu mai rai, kuma ina girmama wannan. Agadas ta ishe ku. Ku shiga tsofaffin unguwanni ku ga adon bango. Ku zauna a maƙera ku ga yadda ake siffanta abin wuyan azurfa da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba azurfa a gurbinsa, a fasa yumɓun, sannan a bi shi da zane. Ana lissafa iri 21 na wannan ado, kowane da garin da ake danganta shi da shi. Ku dubi aikin fatar da mata ke yi, da sirdin raƙumi mai yatsu uku a gaba, da haruffan Tifinag a jikin duwatsu. Hawad, mawaƙi kuma mai zane ɗan Abzin da aka haifa a 1950, da waɗannan haruffa da tawada ya gina fasaharsa har ta kai gidajen nuni na Turai. Shi kuwa Alphadi, gwanin tsara tufafi, da ya tashi kafa bikin ado na Afirka a 1998, bai kai shi otal a babban birni ba, a gindin duwatsun Tigidit kusa da Agadas ya kafa dandalinsa.

Dole in yi magana a kan mutane, kuma a nan zuciyata ta fi nauyi. Kowace shekara a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, makiyaya Abzinawa da Fulani Woɗaaɓe suna taruwa a yankin Ingal don dabbobi su sha ruwan gishiri. Tun bayan littafin Nomads of Niger mai hotunan Carol Beckwith a 1983, da fim ɗin Werner Herzog a 1989, kwalliyar samarin Woɗaaɓe a rawar Gerewol ta zama abin da kowane baƙo ke nema. Sai ka ga an kewaye saurayi da kyamarori ana cusa masa su a fuska, ba sallama, ba tambayar suna. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Ka yi sallama, ka gaida manya, ka sha shayi har kofi na uku, ka faɗi abin da za ka yi da hoton. Idan mace ta juya fuska, magana ta ƙare. Kada ka roƙi dattijon Ba'abzine ya sauke amawali, wannan rufin baki mutuncinsa ne. Idan kun yi alkawarin kuɗi ka cika. Ka karɓi lamba ka tura hoton ta WhatsApp, ko ka wanke shi ka aika da direba. Wanda aka yi wa haka, idan ka dawo zai kai ka inda baƙo ba ya zuwa.

Kada kuma kyan wurin ya rufe mana ido daga abin da yake yi wa talaka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu daga kudancin Nijar suka fito, yankin Kance, masu magana da harshen da nake yi muku wannan lacca da shi. Allah ya jiƙansu. Rairayin da muke jiran la'asar ta yi masa ado shi ne wanda suka faɗi a kai. Ban ce kowa ya koma ɗaukar hoton baƙin ciki ba. Ina cewa jarkar ruwa da aka naɗe da buhu a tashar Agadas, da takalmin yaro a gefen hanya, da garin Arlit da ake haƙar yuraniyom a gefensa tun 1971, duk hamada ne, kuma mai fasaha yana da hakkin ya dube su.

Game da shiri, lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Halin tsaro a arewacin Nijar yana sauyawa, saboda haka kafin a ɗaura kaya a tambayi hukuma, a nemi takardar izini, a ɗauki ɗan jagora na ƙasar, idan an ce sai da rakiyar jami'an tsaro a bi. Akwai wuraren da aka binne nakiyoyi a tawayen 2007 zuwa 2009, ba a barin hanyar da jagora ya nuna. Ba a ɗaukar hoton sansanin soja ko shingen bincike, ƙaramin jirgin ɗaukar hoto kuma sai da izini. Ku tafi da littafin zane ko da ku masu kyamara ne, domin wanda ya zauna rabin sa'a yana zana dutse zai ga abin da mai latsawa ya wuce bai gani ba. Ku rage yawan wuraren da za ku je, ku ƙara kwana a kowanne.

Wanda aljihunsa ko halin hanya bai ba shi damar zuwa Agadas ba, akwai tuddan rairayi a Tulo-Tulowa da dausayin Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari ta Jihar Yobe. Hasken iri ɗaya ne, iskar ma ita ce, ga kuma manoman da rairayi ke cinye gonakinsu da za su ba ku labari.

Ga ɗalibai ina da shawarar aiki guda. Ku haɗu ku uku ko huɗu, mai hoto da mai zane da mai rubutu, ku zaɓi rawani ɗaya a Kura. Ku fara daga masaƙa, ku bi shi marina, ku bi shi wurin bugu, ku bi ɗan kasuwar da zai naɗe shi a takarda ya ƙetara da shi iyaka ta Damagaram da Tanut, har ranar da wani saurayi zai naɗa shi a Agadas a bikin Biyanu. Rabin aikin a gida za ku yi shi, da kuɗin mota kaɗan, kuma za ku iya farawa a wannan hutun.